Masu Tallan Fatalwa a Birnin Edinbara



A cikin sana'o'in da zamani ya haifar a biranen Turai akwai wata wadda, in da an ba kakanninmu labarinta, da sun ce mai faɗin ya zo da almara, watau sana'ar tara baƙi da daddare, a karɓi kuɗinsu, a shiga da su makabartu da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ana ba su labarin matattu da fatalwowi har tsigar jikinsu ta tashi, su kuwa su fito suna godiya. Ana yin ta a Landan da York da wasu birane, amma wanda ya yi fice a kanta shi ne Edinbara, babban birnin ƙasar Sikotilan, can arewacin Birtaniya, kuma a kansa zan yi sharhina na yau.

Tsohon birnin yana bisa doron wani dogon tudu, wanda ya faro daga dutsen da aka gina tsohuwar fada a kansa ya gangaro har fadar Holyrood, tafiyar kimanin mil guda. Titi ɗaya ya bi doron, matsattsun lunguna suka zubo daga gare shi hagu da dama zuwa kwari. Saboda tsoron yaƙin Ingilishi, musamman bayan kashin da suka sha a Flodden a 1513, mutanen birnin suka kewaye kansu da ganuwa, a arewa kuma tafki ya tare su. Da jama'a ta yawaita, filin gini ya ƙare, sai suka dinga ɗora bene a kan bene har wasu gidaje suka kai hawa 10 ko fiye. Daga 1767 aka shata sabon gari a hayin tafkin, masu hali suka ƙaura can, aka gina manyan gadoji a kan kwaruruka domin kekunan doki su wuce a miƙe, tsofaffin tituna da mazaunansu kuwa aka bar su a ƙasa, a inuwar sabon gini.

Kusa da babbar majami'ar St Giles akwai wani ginshiƙin dutse da ake kira Mercat Cross, inda a zamanin da ake yin shelar sarki, ake kuma hukunta masu laifi a bainar jama'a. Nan ayarori da yawa ke haɗuwa in rana ta faɗi, ranar kuwa a watan Disamba tana faɗuwa tun ƙarfe 4 ba ta cika ba. Za ka ga jagora cikin baƙar alkyabba, da fitila a hannu, baƙi daga Amurka da Sin da Jamus sun kewaye shi, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Tun a 1985 wasu malaman tarihi suka fara zagayawa da baƙi a ƙafa daga wannan wuri, abin ya karɓu, kamfanoni suka yawaita, har ya zama a watan Agusta, lokacin babban bikin wasanni na birnin, da ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halowin, wani ayari na fita wani na shiga har dare ya raba.

Wurin da aka fi kai su shi ne cikin Gadar Kudu. An aza harsashinta a 1785, aka buɗe ta a 1788, tana tsaye a kan bakan gizo 19, amma guda ɗaya tak ake gani, wanda titin Cowgate ya ratsa ta ƙarƙashinsa; sauran an manne su da dogayen gidaje ta kowane gefe, aka yanka cikinsu hawa-hawa, ya zama ɗakuna kimanin 120 waɗanda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Da farko 'yan kasuwa suka riƙe su, wani ya yi rumbun ajiya, wani ya zaunar da baduku, wani ya buɗe mashaya. Amma da yake ba a toshe ginin daga ruwa ba, sai ya fara yoyo, masu sana'a suka kwashe kayansu cikin 'yan shekaru kaɗan. Waɗanda suka maye gurbinsu su ne waɗanda ba su da zaɓi, matalautan birni da baƙin da talauci ya koro daga ƙauyuka da ƙasar Ailan, iyali guda ko fiye a ɗaki ɗaya, babu taga, babu ruwan sha, babu makewayi. A cikin ƙarni na 19 aka cika ɗakunan da ɓaraguzai aka toshe, aka manta da su har shekarun 1980, lokacin da Norrie Rowan, tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na ƙasar, ya gano hanyar shiga. Da aka kwashe ɓaraguzan, cikin abin da aka tarar akwai kayan wasan yara, da kwalaben magani, da fasassun faranta.

Na taɓa bin wani ayari cikin waɗannan ɗakuna. Ƙofa ce ƙarama a wani lungu, sai matakala, sai warin danshi da tsohon dutse ya tare ka; a wasu wuraren dogon mutum sai ya sunkuya, bango kuwa in ka dafa shi tafin hannunka ya jiƙe, ruwa na ɗiga daga sama ɗis, ɗis. Jagoran namu, wani saurayi mai zaƙin baki, ya tsayar da mu a ɗaki na ƙarshe, ya ba mu labarin wani mugu mai manyan takalma da ake jin takunsa a bayan baƙi, da wani yaro da ke kama hannun mata, ya sassauta murya, ya yi shiru, sa'an nan ya hure kyandir. Duhun da ya rufe mu irin wanda ko tafin hannunka ba ka gani ne. Wata mata ta ƙwalla ƙara, wasu suka fashe da dariya, aka kunna wuta, aka fito. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu daƙiƙa kaɗan muka yi a duhun nan, mun kuwa san ƙofa a buɗe take, alhali a irin wannan ɗaki wata ta yi naƙuda, wani jariri ya yi rarrafe a kan jiƙaƙƙen daɓe. Waɗannan an wuce su da jimla biyu, mai manyan takalma kuwa, wanda babu takardar da ta nuna an taɓa yinsa a duniya, shi ya cinye mafi yawan lokacinmu.

A 2001 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam, Richard Wiseman, ya shigar da mutane fiye da 200 cikin ɗakunan, bai gaya musu wanne aka ce yana da fatalwa ba, ya ce kowa ya rubuta abin da ya ji. Da yawa sun ce sun ji sanyi, ko motsi, ko kamar ana kallonsu, kuma sun fi jin haka a ɗakunan da suka yi suna. Amma da aka auna sai aka ga abin yana tafiya tare da girman ɗaki da yanayin hasken da ke bakin ƙofarsa.

Daga nan sai Lungun Mary King, wanda yake ƙarƙashin ginin majalisar birni. Ita Mary King bazawara ce mai sayar da yadi da ɗinki, ta rasu a 1644, lungun ya ci sunanta, abin da ba kasafai ake yi wa mace ba a wancan zamani. A 1753, da aka tashi gina babban zauren 'yan kasuwa, watau ginin majalisar na yau, sai aka rushe benayen sama na gidajen lungun, na ƙasa suka zama harsashi, aka ɗora sabon gini a kansu. Saboda haka mai ziyara a yau yana tafiya ne a kan titi na haƙiƙa, da ƙofofinsa da tagoginsa, sai dai in ya ɗaga kai rufi zai gani a maimakon sama. Mai sana'a na ƙarshe a wurin, Andrew Chesney, maƙerin zarto, sai a 1902 ya tattara ya fita.

Shekaru da yawa labarin da ya fi yawo a kan wannan lungu shi ne, wai a annobar ɗa'un ta 1645 hukuma ta toshe bakinsa da tubali, ta bar ɗaruruwan mutane a ciki, masu ciwo da masu lafiya, yunwa ta gama da su. Wannan riwaya ƙarya ce, kuma masu kula da wurin a yau su da kansu suna faɗin haka. Abin da tarihi ya tabbatar ya fi ta daraja nesa ba kusa ba: gidan da ciwo ya shiga sai a rataya farin ƙyalle a taga, a hana mutanensa fita, a riƙa kawo musu abinci da kwal har ƙofa, a kuma aiko musu da likita. Likitan farko, John Paulitious, bai daɗe ba ciwon ya tafi da shi. Wanda ya gaje shi, George Rae, yakan sa doguwar riga ta fata, da abin rufe fuska mai dogon baki irin na tsuntsu cike da ganyaye masu ƙanshi, domin a ilimin lokacin an ɗauka mugunyar iska ce ke kawo ciwon. Ba a san ƙuman jikin ɓera ne ke ɗauke da shi ba, fatar nan kuwa, cikin ikon Allah, ita ta hana ƙuma cizonsa. Haka ya dinga bi gida gida, yana tsaga kaluluwar da ta kumbura, yana yi mata sakiya da jan ƙarfe, wasu suka cika, wasu suka tashi. Majalisa ta yi masa alkawarin kuɗi masu yawa, la'alla bisa zaton ba zai rayu ya karɓa ba. Da ya rayu, sai ya shafe shekaru yana bin hakkinsa.

Duk da haka ɗakin da ya fi ko'ina suna a lungun wani ne daban. A 1992 wata 'yar ƙasar Japan mai suna Aiko Gibo, mai da'awar ganin gaibu, ta tsaya a bakin wani ƙaramin ɗaki ta ce tana jin wata yarinya da iyayenta suka bari lokacin annoba, tana kukan 'yar tsanarta da ta ɓata. Aka sayo 'yar tsana aka ajiye mata, aka kuma sa wa yarinyar suna Annie. Daga ranar nan baƙi suka dinga kawo 'yan tsana da kayan wasa da kuɗi, har suka yi tuli a kusurwar ɗakin, wasu sun yi ƙura sun koɗe, wasu sababbi fil. Ba na raina zuciyar da ta sa uwa ta sunkuya ta ajiye 'yar tsana a wurin, domin rahama ce, kuma kuɗin da ake tarawa an riƙa miƙa su ga asusun taimakon yara marasa lafiya. Abin da ke damuna shi ne babu Annie a takardun tarihi. Asalinta duka maganar mace guda ce, shekara 347 bayan annobar. Al'amarin ya yi kama da wanda ya taso ta'aziyya, ya wuce gidan da aka yi rasuwa, ga masu makoki zaune a kan tabarmi, ya shiga kangon da ke maƙwabtaka ya yi ta kuka.

Malamanmu na hadisi sun san wannan cuta tun da daɗewa. A masallatan Basra da Bagadaza an yi wasu mutane da ake kira masu ƙissa, waɗanda ke tara jama'a suna ba su labarai masu sa kuka da masu sa tsoro, kuma da suka lura cewa abin al'ajabi ya fi sahihin labari tara mutane da kawo kyauta, sai wasunsu suka shiga ƙari da ƙage. Har Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan hijira, shi kansa mai wa'azi ne da dubbai ke halartar majalisinsa, ya wallafa littafi sukutum a kansu, yana rarrabe mai tunatarwa na gaskiya da mai farautar aljihu. Maganin da malamai suka riƙe shi ne isnadi: wa ya gaya maka, shi kuma wa ya gaya masa, har a kai ga wanda ya gani da idonsa. In aka ɗora labaran daren Edinbara a wannan ma'auni, sai a ga wasu suna da takardun kotu da na majalisa da na majami'a a bayansu, wasu kuwa in ka bi sawunsu ba za su wuce shekara 30 ko 40 ba. Jagora yakan kawo su a jere, da murya ɗaya, baƙon da ya zo daga nesa ba shi da hanyar da zai tsince wannan daga wancan.

Babu inda wannan cakuɗa ta fi muni kamar makabartar Greyfriars, wadda Sarauniya Mary ta ba birnin filinta a 1562. A majami'ar da ke tsakiyarta ne, a 1638, manyan ƙasar da malaman addininsu suka sa hannu a wata takardar alkawari, cewa ba za su yarda sarki ya ɗora musu tsarin ibada irin na Ingila ba, rikicin da ya biyo baya kuwa ya ci shekara 50. A watan Yuni na 1679 aka ci 'yan alkawarin da yaƙi a gadar Bothwell, aka koro fursunoni fiye da 1,000 zuwa Edinbara, aka tsare ɗaruruwa daga cikinsu a wani fili da ke manne da makabartar, babu rufi, da ɗan gutsuren burodi a yini, har hunturu ya kawo jiki. Wasu suka mutu, wasu aka rataye, da yawa suka sa hannu a takardar biyayya aka sake su. Mutum 257 da suka rage aka loda su a jirgin ruwa za a kai su bauta a gonakin Amurka, jirgin ya fashe a gaɓar tsibiran Orkney a watan Disamba, su kuwa suna kulle a cikinsa, kimanin 200 suka nutse.

Babban lauyan sarki da ya gurfanar da 'yan alkawarin, Sir George Mackenzie, wanda jama'a suka yi wa laƙabi da mai zub da jini, ya mutu a 1691, aka binne shi a wani hubbare mai ƙubba a cikin wannan makabarta, ba nisa da filin da aka tsare mutanen. Mutum ne da hukunci a kansa ke da wuya, domin shi ne kuma ya kafa ɗakin karatu na lauyoyi wanda daga baya ya zama tushen ɗakin karatu na ƙasa, ya kuma yi rubutu yana sukar yadda ake azabtar da waɗanda aka zarga da maita har su amsa laifin da ba su yi ba. Irin wannan ya isa a tsaya a kansa a yi tadabburi, yadda ilimi da zalunci ke iya zama a ƙirji ɗaya. Amma abin da ake sayarwa da sunansa yau daban ne. Labarin da ake bayarwa shi ne, wajen ƙarshen shekarun 1990, wani marar matsuguni ya fasa ƙofar hubbaren a wani dare na ruwa da sanyi don ya sami wurin fakewa, daɓe ya rufta da shi ya faɗa cikin ƙasusuwa, ya fito a guje. Tun daga nan wai ruhin Mackenzie ya tashi, yana yakushin baƙi, yana sumar da su. Ku duba, jama'a: a cikin wannan labari akwai mutum mai rai, a birni mai arziki, wanda ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa sai kabari, kuma a daren da na ji labarin babu wanda ya tambayi inda ya kwana washegari. A 2003 kuma wasu samari biyu suka fasa hubbaren, suka ciro kan wata gawa suka yi wasa da shi, kotu ta same su da laifin keta hurumin kabari a 2004, laifin da aka yi fiye da shekara 100 ba a gurfanar da kowa a kansa ba a ƙasar. Ba zan ce ayarin dare ne ya aike su ba. Amma wurin da aka daɗe ana nuna wa matasa a matsayin dandalin wasan tsoro, da wuya su riƙa ganinsa da alfarmar makabarta.

Edinbara kuwa ta san abin da ke faruwa in gawa ta zama haja. A farkon ƙarni na 19 makarantar likitancinta tana cikin mafiya shahara a Turai, ɗalibai suna bukatar gawar da za su koyi fiɗa a kanta, doka kuwa ba ta halatta musu ba sai 'yan kaɗan, galibi ta wanda aka rataye saboda kisan kai. Saboda haka aka sami masu tone sababbin kaburbura suna sayarwa, har masu hali suka riƙa sa wa kabarin ɗan'uwansu kejin ƙarfe, irin wanda ake gani a Greyfriars har yau. William Burke da William Hare, 'yan ci-rani daga Ailan, hanyarsu ta fi wannan muni. A ƙarshen 1827 wani tsoho ya mutu a gidan hayar Hare da bashin fam 4 a kansa, suka kai gawarsa wurin likita Robert Knox, aka ba su fam 7 da sule 10. Da suka ɗanɗana, sai suka shiga jawo marasa galihu, su shayar da su barasa, su toshe musu numfashi, har mutum 16 a cikin 1828. A cikinsu akwai Mary Paterson, da James Wilson, wani saurayi mai raunin hankali da ɗingishi wanda duk unguwa ta san shi, da Margaret Docherty, wadda ganin gawarta cikin ciyawa a gindin gado ne ya tona asirinsu. Hare ya ba da shaida a kan abokinsa aka sake shi, Knox ba a gurfanar da shi ba, Burke aka rataye shi ran 28 ga Janairu 1829, aka feɗe gawarsa a gaban ɗalibai, ƙwarangwal ɗinsa yana ajiye a jami'ar har yanzu. Wata doka da aka kafa a 1832 ta kashe kasuwar masu tone kabari, amma ta yi haka ne ta hanyar ba likitoci gawar wanda ya mutu a asibiti ko gidan gajiyayyu ba wanda ya zo ya karɓe ta, watau dai talaka. Jagorori da dama sukan ce a ɗakunan Gadar Kudu Burke da Hare suke ɓoye gawa, alhali babu hujja a kan haka, a unguwar West Port suka yi aika-aikarsu. Kuma sunan makasan ya zama sunan fim da na wurin shaƙatawa, na waɗanda aka kashe kuwa sai mai bincike.

Kada mai saurare ya ɗauka ina cewa zuwa wurin matattu laifi ne. Shari'armu ta hana ziyarar kaburbura da farko, sa'an nan ta yi izini da ita, ta kuma bayyana hikimar izinin, cewa tana tuna wa mutum lahira. Wanda ya taɓa shiga Hubbaren Shehu a Sakkwato, ya ga yadda mutane ke tuɓe takalma, su sassauta murya, su yi sallama da addu'a su fita, ya san cewa tsayuwa a gaban kabari tana gyara zuciya. An koya mana kada a zauna a kan kabari, an koya mana cewa karya ƙashin mamaci daidai yake da karya shi yana da rai, an kuma ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, saboda shi ma rai ne. Game da fatalwa kuwa aƙidarmu a sarari take: rai in ya fita yana barzahu, cikin ni'ima ko akasinta, ba ya yawo a lunguna yana tare masu wucewa. Aljannu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, amma abin da aka umarce mu game da su shi ne neman tsari.

Adalci kuma ya wajaba a yi wa masu wannan sana'a. Da yawansu ɗalibai ne da 'yan wasan kwaikwayo masu neman na tuwo cikin sanyi da ruwa, kuma kuɗin baƙi na cikin abin da ya sa aka gyara ɗakunan gadar nan, aka kuma buɗe Lungun Mary King ga jama'a sosai a 2003. Akwai kamfanonin da suka raba ayarinsu biyu, na tarihi tsantsa da na labaran tsoro, suna faɗa wa mutum tun wurin sayen tikiti wanne ne wanne. Akwai jagororin da in sun zo kan abin da ba shi da asali sukan ce wannan faɗe ne kawai. Waɗannan ba ni da ja da su, domin wanda ya shiga wasa ya san wasa ne bai cutu ba. Inda cuta take shi ne a tsaya a kan ƙasar da mutane na gaske suka sha azaba, a mai da azabarsu share fage na labarin da aka ƙaga.

Mafi nauyin misali shi ne na waɗanda aka kashe da sunan maita, waɗanda ayarori da yawa sukan tsaya a kansu a bakin tsohuwar fada. Dokar maita ta Sikotilan ta yi aiki daga 1563 zuwa 1736, a tsakanin nan an tuhumi mutane kusan 4,000, fiye da kashi 80 cikin 100 mata, an ƙiyasta an kashe kimanin 2,500, akasari a shaƙe su sa'an nan a ƙone gawar. Agnes Sampson, ungozoma mai ba da magani, an kama ta a 1590 bisa zargin ta tayar da guguwa a teku don ta nutsar da jirgin Sarki James na 6. Aka aske ta, aka hana ta barci, aka ɗaure kanta da igiya ana murɗawa, sarkin da kansa ya zauna ya yi mata tambayoyi, aka kashe ta a watan Janairu na 1591 a kan tudun nan da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Mu da muka san yadda a wasu garuruwanmu har gobe ake nuna tsohuwa marar gata a ce ita ta kama kurwar yaro, a taru a kanta da duka, bai kamata mu ji wannan a matsayin abin nishaɗi ko labarin wasu can ba.

Su ma mutanen ƙasar sun fara duban al'amarin da wani ido. Malaman tarihi na Jami'ar Edinbara sun bi tsofaffin takardun shari'a, suka tattara sunayen waɗanda aka tuhuma, da garuruwansu, da abin da aka ce sun yi, suka sa a intanet tun 2003, kowa na iya dubawa kyauta. Ran 8 ga Maris 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin, Nicola Sturgeon, ta tsaya a majalisa ta nemi gafara a hukumance, shekara 286 bayan soke dokar. Masu fafutuka suna ci gaba da neman a wanke sunayen mutanen ta hanyar doka, a kuma gina musu abin tunawa na ƙasa, domin abin da ke bakin fadar a yanzu wani ɗan ƙaramin famfon shan ruwa ne na ƙarfe a jikin bango, wanda aka ƙera a 1894, aka ƙara masa allon rubutu a 1912. Babu sunan mace ko ɗaya daga cikin waɗanda aka ƙone a jikinsa, rubutun ma bai wanke su duka ba, har yanzu yana nuna wai wasunsu sun yi amfani da saninsu wajen mugunta.